Na'urar da Ba Ta Ganin Malama Rabi Ranar Kasuwa

Ku da kuke zaune a shagona kuna cewa aikin rezo, wato haɗa na'urori da layin sadarwa, ba aiki ba ne, wai jona waya ne kawai a ga fitila ta yi kore, ku kife wayoyinku a kan tebur ku saurare ni. Jiya ina jin ɗayanku yana gaya wa abokinsa cewa kafin damina ta faɗi zai gama koyon abin da na yi furfura a kansa. Ban tanka ba, don a lokacin akwai goro a bakina. Yau bakina ba komai.

Jona waya kam, ko yaron da aka yaye jiya zai iya. Abin da ake kiranmu dominsa shi ne ɗan tsakanin nan, daga sa'ad da aka danna makunni zuwa sa'ad da na'ura ta gama farkawa. Ordinater, wato kwamfuta, in za ta tashi, ba komai nata ke tashi tare ba. Akwai kart rezo, wato ƙofar da take fita waje ta nan, sai an buɗe ta an ba ta adireshi. Akwai modem mai kamo rezo daga pilon, dogon ƙarfen nan na kamfanin sadarwa, shi kuwa nauyin barci gare shi. Sannan a cikin ordinater akwai ƙananan 'yan aike da muke kira servis, kowanne da saƙon da aka ɗora masa. Wa zai riga tashi, wa zai jira wani, wa zai sake komawa in ya tarar da ƙofa a rufe, sana'ar ke nan ɗungurungum. Na ga matar da ta kusa rasa aikinta da mutuncinta a kan wannan ɗan tsakanin. Zan zo kanta, amma sai kun san wanda ya koya mini tukuna.

Gyaran waya nake yi a tashar Magarya, da iyalina da komai, lokacin da Malam Muntari, Allah ya jiƙansa, ya ɗauke ni. Ya yi karatu a Yamai, ya yi aiki da wani kamfanin sadarwa har ya gaji da su ko su suka gaji da shi, ya dawo gida ya buɗe wannan shagon. Ba mutum ne mai sauƙi ba. Yana da baki, ya san ya iya, kuma ba ya ɓoye cewa ya sani. Amma ban taɓa ganin wanda ke girmama aikinsa kamarsa ba, kuma duk abin kirkin da kuka gani a hannuna, nasa ne.

Aikin farko da na bi shi, siber ce, shagon shiga intanet, ta wani Alhaji a bakin kasuwa. Muka wuni muna jan waya muna matse kawunanta, shi kuma yana zama gaban kowace ordinater yana rubutu. La'asar ta yi, komai na tafiya, Alhaji har ya sa an ɗora mana shayi. Sai Malam ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zare babbar waya daga priz ɗin da ke ba su wuta. Ɗaki ya mutu gaba ɗaya. Alhaji ya dafe kai.

"Malam Muntari, lafiya? Abu yana aiki ka kashe shi?"

"Yana aiki don ina nan, Alhaji. Gobe ba na nan."

Ya mayar da wayar, ya ja da baya, ya haɗa hannuwansa a bayansa. Ya harare ni, ni ma na haɗa nawa.

"Sanusi," ya ce, "in hannunka ya yi maka ƙaiƙayi ka ciji leɓenka. Ba a taimaka wa na'ura tashi."

Muka tsaya muna kallo. Duk suka dawo da rezonsu, sai guda ta kusurwa, ta tashi lafiya amma ba ta ga hanyar waje ba. Malam ya nuna ta da haɓa ya ce ga wadda za ta sa a buga mana waya gobe muna tsakiyar cin tuwo. Ashe adireshinta ya gaya mata ne na nan take, bai rubuta shi a inda take karantawa duk sa'ad da ta farka ba, da wuta ta ɗauke sai ta manta. Ya gyara, ya sake zare waya, muka sake haɗa hannu. Har yau ban sani ba ko mantawa ya yi, ko da gangan ya bar ta don in gani da idona.

Jakarsa ce waccan a rataye, ku duba. Akwai pinsin matse kan waya, wanda riƙonsa ya cinye har ya kwanta da tafin hannu. Akwai testa mai nuna ko waya ta katse a ciki, da turnabis na kwance sukuru ƙanana da manya, da kle, ɗan filas ɗin nan mai tayar da ordinater in nata tsarin ya ƙi. Akwai ɗan ekran, wato fuskar kallo, da klavye na rubutu, domin yawancin na'urorin da ake kai wa ƙauye ba su da fuska, akwatuna ne kawai masu ƙyafta fitila. Sai tabarmar nan da ke naɗe a gefe, da buta. Kuna dariya, amma tabarmar ta fi pinsin muhimmanci a wurinsa. In aka kira mu ƙauye, ba ya tafiya da hantsi kamar kowa. Da yamma yake zuwa ya kwana, don ya ga yadda gidan ke tashi da safe: wa ke fara shigowa, me yake fara taɓawa. Yakan ce na'ura a gidan mutane take farkawa, wanda bai san safiyar gidan ba bai san na'urar ba.

A Dungas akwai wani biro, wato ofis, da ya wahalar da masu gyara. Ordinater ɗinsu kart rezo biyu gare ta, ɗaya na kallon modem, ɗaya na kallon sauran ɗakuna. Yau ta tashi lafiya, gobe ta tashi kowa na zaune yana kallon ekran. Sakataren biron ya rantse mini cewa ranar da shugabansu ya shigo da fushi ne take ƙi. Abin da ke faruwa, kart ɗin nan biyu tsere suke yi, wanda ya riga farkawa shi ke ɗaukar sunan na farko, sai saƙon waje ya bi ƙofar ciki. Malam ya ɗaure kowanne da sunansa ta lambar da aka haife shi da ita daga kamfani, rigimar ta ƙare. Sakataren bai yarda ba, ya ce shugaban ne ya rage fushi.

A Kwaya kuma 'yan ƙungiyar manoman gyaɗa ne. Ku da kuka tashi a nan kun san wayarku kan kama rezon Najeriya in kuka matsa kudu. To modem ɗinsu haka yake yi. Da safe pilon ɗinmu bai gama tashi ba, na tsallake yana nan raɗau, sai modem ya rungumi na tsallake ya ƙi saki har rana ta faɗi. Muka hana shi zaɓe, muka ce ga naka, in bai tashi ba ka jira shi. Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai raha, ya ce da ma haka za a yi wa samarinsu da ke tsallakawa ci-rani. Abokan cinikinmu ke nan: ba ruwansu da adireshi ko servis, su dai su danna su ga abu ya zo, kuma gaskiyarsu ce. Aikinmu in ya yi kyau ba mai ganinsa.

Sai shekarar nan ta zo da aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta yanke. Kun san ta, a gabanku aka yi. Kuran, wato lantarki, ya zo ba sallama, ya tafi ba bankwana. Kayan da muke sarowa Kano suka daina shigowa, har muka koma tsintar tsofaffin wayoyi a bayan biro-biro muna haɗa guntu da guntu. Batir ya yi wuya. Proje da yawa na ƙungiyoyin agaji suka naɗe kayansu suka tafi. Amma shekarar ce ta tona asirin aikin kowa, domin na'urar da a da take kwana a kunne wata da watanni, yanzu tana mutuwa tana farfaɗowa tun safe har yamma. Duk inda aka yi aikin ganin ido, ya fito fili. Inda Malam ya taɓa kuwa, shiru kake ji, ba mai kira. Na ce masa, "Malam, kyan aikinka zai kashe mu da yunwa." Ya ce in yi haƙuri, aikin wasu zai ciyar da mu.

A cikin wannan shekarar Malama Rabi ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagon nan. Ungozoma ce a wani ɗan gidan likita da wata ƙungiya ke riƙe da shi, a wani ƙauye na karkarar Dantchiao. Mace ce mai kamun kai, ba ta da yawan magana. Ta gaishe da Malam, ta zauna a bencin nan, ta ce ƙungiyar ta sa musu na'urar pwantaj, wato ta shaidar zuwa aiki. Kowace safiya tana ɗora babban yatsanta, na'urar ta yi ƙara, saƙo ya tafi biro cewa ta zo.

"To Malam, yanzu an ce ba na zuwa ranar kasuwa. Wallahi ina ɗora yatsana, tana yin ƙarar. Su kuma a can sun ce ba sa ganina."

"Ranar kasuwa kaɗai?"

"Ita kaɗai. Alhali ita ce ranar da ko ruwa ba na samun sha. Matan rugage da na ƙauyuka duk ranar suke biyowa da yara."

"An zo an duba na'urar?"

"An turo masani daga Damagaram. Ya kashe ta ya kunna a gabana, ta yi aiki. Ya ce lafiyarta lau."

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Mushe Salisu, kamar yadda muke kiran 'yan boko da faransanci, mai kula da ma'aikatan ƙungiyar, ya je wurin mai gari ya yi tambaya a gaban mutane ko ungozoma na da rumfa a kasuwa. Tambaya ce ya yi, amma kafin rana ta faɗi ta zama labari: wai Rabi na barin mata a kan gwiwa ta tafi sayar da atamfa. Maganar ta kai gidan surukanta. Matan da suka ce suna ganinta, aka ce ai sonta suke yi. Ƙarshen wata za a sallame ta.

"Aikin ma in ya tafi ya tafi," ta ce. "Amma a ce na bar mace tana naƙuda na tafi kasuwa, da wannan zan zauna a garin?"

Raina ya ɓaci da jin haka, na kuma ji tsoro, don masanin da aka turo na san shi, ya iya aiki, ba ya ƙarya. Malam bai yi mata alkawarin komai ba. Tambaya guda ya ƙara, ko akwai abin da ya canja a gidan likitan kafin abin ya fara. Ta ce babu, sai dai batirin panno, wato farantin sola, ya yi rauni, ba a samu sabo ba, shi ya sa suka fara kashe komai da magariba don firigon da ke sanyaya alluran rigakafi ya kai safe. Malam ya dube ni ya ce in ɗauko tabarma.

Ya kira Mushe Salisu ya nemi izini. Mushe ya ce mu je mu duba, amma na'urar na cikin kejin ƙarfe, makulli na hannunsa, kuma ba zai ba wanda ba na ƙungiya ba. Malam ya ce ba makulli yake so ba, safiya yake so.

Muka isa ƙauyen da yamma, saura kwana a yi jajibirin kasuwa. Gidan likitan ɗaki biyu ne da rumfa. Kejin na'urar na jikin bango kusa da ƙofa, da makunninsa. Modem kuwa an ɗora shi a bakin taga, don nan ne rezo ke da ƙarfi, an jona shi da wata ralonj, doguwar wayar wuta mai bakuna da yawa. Muka shimfiɗa a rumfa tare da mai gadi, Baba Ilu, tsoho mai fara'a da ke noma gero yana kuma jigila da amalanken jaki.

Da muka dawo sallar asuba, Malam ya zauna da carbinsa yana kallo. Baba Ilu ya share rumfa, ya yayyafa ruwa. Sannan ya waiga ya dube mu, ya yi ɗan jim, ya zura hannu ta tsakanin ƙarafan taga ya danna makunnin ralonj, ya jona wayarsa. Bayanta ya zaro wata daga aljihu ya jona, ya zaro wata. Fitilun modem suka fara ƙyaftawa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har suka tsaya. Rana ta ɗan ɗago kafin Malama Rabi ta zo ta buɗe ƙofa, ta danna makunnin keji, ta ɗora yatsa. Na'ura ta yi ƙara, fitilarta ta yi kore.

Malam ya kira tsohon. "Baba, kullum kake sharje a nan?"

Baba Ilu ya rikice. "Wallahi Malam, 'yar wayata ce da ta maƙwabta. Tun da wuta ta yi wuya, mai sharjen garin ya rufe. Kada ka kai ni gaba, ba da yawa take sha ba."

"Ba kai ka zan yi ba. Gobe fa, kasuwa?"

"Ai gobe ba ka ganina. Daga masallaci sai jaki. Wayar ma da ita nake tafiya."

"To wa ke kunna wannan ralonj ɗin in ba ka nan?"

"Malama mana, in ta shigo."

Malam ya yi dariya har da buga cinya, abin da ban cika gani ba. "Baba, wayarka ce ke riƙe da aikin matar nan duk sauran ranaku, ba ka sani ba."

Ku da kuka ce aikin ba wuya, wa zai gaya mini abin da ya gani? To ku ji. Ranar da Baba Ilu ke nan, modem ya riga ya wartsake kafin na'ura ta farka, ɗan aiken da ke kai saƙon pwantaj ya tashi ya tarar da ƙofa a buɗe. Ranar kasuwa kuwa tare ake kunna su. Na'ura mai saurin tashi ce, ɗan aikenta ya leƙa ya ga ba hanya, ya koma ya kwanta, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa ya sake leƙawa. Ƙarar da Malama ke ji ta karanta yatsa ce, ba ta isar saƙo ba. A da ba a kashe komai, don haka aibin na nan a kwance ba wanda ya gani. Masanin Damagaram da rana ya zo, modem na a farke, dole ya ga lafiya.

Malam ya sake kiran Mushe Salisu ya ce ya zo gobe kafin a buɗe ƙofa, da makulli, da wayarsa mai nuna waɗanda suka zo aiki. Ina jin Mushe yana ƙorafin tsadar esansi, wato fetur, da nisan hanya. Malam ya ce, "Mushe, in ka zo ka ga ba haka ba ne, ka gaya wa duk Magarya cewa Muntari ya tsufa." Na dube shi, don ko cikin kejin bai gani ba ya sa sunansa a kai.

Kuma Mushe Salisu ya zo. Wannan ina yaba masa har gobe, don wani da ba zai taso ba. Gari na wayewa sai ga shi a kan moto, babur ɗin aikinsa, raɓa ta jiƙa masa ƙafar wando. Baba Ilu ya riga ya tafi. Rumfa ta fara cika da mata, wasu daga amalanke suke sauka, wasu sun ajiye ƙoren nono a gindin bango, kowace da goyo. Malam ya ce kada kowa ya yi abin da ba ya yi kullum.

Malama Rabi ta zo, ta gaishe da Mushe ba tare da ta ɗaga ido ba. Ta buɗe ƙofa, ta danna makunnin keji, ta taka zuwa taga ta danna na ralonj, ta dawo ta ɗora yatsa. Na'ura ta yi ƙara. Ta wanke hannu ta kira mace ta farko.

Mushe ya zuba wa wayarsa ido. Sunayen ma'aikatan wasu garuruwa na ta fitowa. Modem ya gama tashi, fitilunsa suka tsaya cak, amma sunan Rabi na nan da ja. Ya jira. Ya girgiza wayar, kamar hakan zai taimaka. Ta ƙofa kuwa ga ta nan a gabansa, ta ɗora jariri a kan ma'auni tana lallashin uwarsa.

"Mushe," Malam ya ce, "tana nan ko ba ta nan?"

"Tana nan."

"Wayarka me ta ce?"

Mushe ya kife wayar. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo makulli.

Na buɗe keji na jona ɗan ekran da klavye. Malam ya tsaya a kaina yana faɗa ina rubutawa, don a lokacin idonsa ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe. 'Yan layuka ne ba yawa. Muka gaya wa ɗan aiken kada ya tashi sai ƙofa ta buɗe an ba ta adireshi. Muka ƙara masa cewa in ya fita ya tarar ba hanya, ya ɗan huta ya sake, ya yi ta sakewa har ya samu. Abin da ya kusa raba mace da mutuncinta bai kai tsawon gaisuwar safe ba.

Sannan Malam ya kashe komai. Ya kunna na'ura ita kaɗai, ya bar ta ta gama tashi tsaf, don ya ba ta mafi munin safiyar da za ta taɓa gani, sannan ya kunna modem. Ya ja da baya ya haɗa hannuwa a baya. Na haɗa nawa. Mushe ya dube mu, shi ma ya haɗa nasa da wayar a ciki. Matan rumfa suka yi tsit suna kallon maza uku sun tsaya gaban bango. Modem ya yi ta ƙyafce-ƙyafcensa ba ya sauri. Hannuna na ƙaiƙayi, na ciji leɓe. Can sai fitilar na'ura ta yi kore.

Aka kira Malama ta ɗora yatsa. Kafin ta koma kan ma'auni sunanta ya fito.

Mushe Salisu ya bi ta ciki ya ce, "Madam, ki yi haƙuri." Ta ce ba komai, tana ɗaure wa jariri zane. Ya fito ya tambayi Malam ko akwai sauran abin da ya rage.

"Nawa ya ƙare," Malam ya ce. "Naka, a inda aka yi maganar can za a warware ta. Ba cikin ɗaki ka yi tambayar ba."

Mushe ya gyara hularsa. Ya tsaya a tsakiyar rumfa ya ɗaga murya ya gaya wa matan cewa ungozomarsu ba ta taɓa barin aikinta ba, na'ura ce ta yi kuskure, shi kuma ya yarda da na'ura. Wata tsohuwa daga cikin matan rugage ta ce, "Mu da muka gaya maka, ba mu da fitila ne shi ya sa?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce ya karɓa. Daga nan bai hau moto ba, da ƙafa ya tafi ƙofar mai gari, ranar kasuwa, lokacin da fada ke cike. Malam ya naɗe tabarmarsa muka kama hanya.

Bai daɗe ba bayan nan idon ya ƙi, ya bar mini jaka da shago, daga baya Allah ya karɓi abinsa. Kwanakin baya aka samu sabon batir aka kira ni in je in jona a gidan likitan. Na tafi da yamma, na kwana a rumfa. Baba Ilu na nan da wayoyinsa, yanzu ba ya waige.

Da safe Malama Rabi ta zo da wata sabuwar ma'aikaciya da aka turo mata. Ta buɗe ƙofa, ta danna makunnin keji. Sai na ga ta ja da baya ta haɗa hannuwanta a baya, sabuwar ma ta haɗa nata, suka tsaya shiru har fitila ta yi kore. Sabuwar ta raɗa mini cewa ta ɗauka dokar ƙungiya ce.

Na ce, "Malama, ai ba sai kin tsaya ba. Ko kina nan ko ba kya nan za ta tashi, haka muka gyara ta."

"Na sani, Malam Sanusi," ta ce.

"To me ya sa?"

Ta ɗora yatsanta, na'ura ta yi ƙara. Ta ce, "Ranar da duk garin nan ke tantama a kaina, malaminka ne ya kwana a tabarma don ya ga gaskiyata. Haka na ga ya tsaya. Kafin fitilar ta kama nake yi masa addu'a."

Ta wanke hannu ta kira mace ta farko.